Ladabin Gwanin Kokowa: Nasa Ne, ko na Takobi Ne?

Kowace shekara, da zarar an gama yankan gero, dammuna sun shiga rumbu, sai kiɗan kokowa ya tashi a garuruwa da ƙauyukan jahar Tawa. Daga Birnin Ƙwanni zuwa Tsarnawa, daga Malbaza zuwa Dogarawa da Galmi, daga Illela zuwa Badagishiri da Tajaye, samari kan ɗaura walki da layu su fito fili, dattawa kuwa su zauna a gefe suna lura da wanda zai gaji mazan jiya. A wannan lokaci ne ake tankaɗe da rairaya, a zaɓi gwanayen ƙananan hukumomi, sa'an nan na gundumomi, har a kai ga tawagar da za ta wakilci jaha a gasar takobi ta ƙasa. A wannan lokaci ne kuma wata tsohuwar gardama kan dawo a majalisu da tashoshin mota da rumfunan kasuwa.

Ga yadda gardamar kan tashi. Akan sami ɗan kokowa wanda tun tasowarsa an san shi da zafin kai. In an kada shi, sai ya ce alƙali ya zalunce shi. In shi ya yi kaye, sai ya tsaya a kan abokin karawarsa yana yi masa izgili. Ba ya zuwa wurin horo da wuri, ba ya kuma jin maganar mai koyar da shi. Sai sa'a ta zo masa, ya shiga yin kaye a jere, sunansa ya fara fita a rediyo. Ba a daɗe ba sai a ga kamar wani mutum ne dabam. Wanda ya kayar, shi zai miƙa masa hannu ya tashe shi. Zai durƙusa ya gai da sarakuna da magabata. In ɗan jarida ya tambaye shi, sai ya gode wa Allah da iyaye da jama'ar garinsu. Masoyansa su ce ai yaro ya yi hankali. Masu shakka su ce a'a, takobi ne ke magana a bakinsa, ranar da takobi ya bar hannunsa za a sake ganin mutumin jiya.

Ana iya ɗaukar wannan gardama hirar masu shan shayi ce kawai, amma akwai abin da ya rataya a kanta. Shugabannin gundumomi da na ƙananan hukumomi, tare da jami'an matasa da wasanni, su ke yanke shawarar wanda za a ɗora a gaban tawaga, da wanda za a kai gaban ƴan makaranta a ce su yi koyi da shi, da wanda za a ari bakinsa wajen kiran jama'a zuwa rigakafi ko ajin yaƙi da jahilci. In aka yi kuskuren zaɓe, ba za a gane ba sai ranar da gwanin ya sha ƙasa a gaban dubban magoya bayansa. A irin wannan rana, motsin hannunsa kaɗai ya isa ya kwantar da fili, ko kuwa ya sa a fara jifa. Saboda haka wajibi ne a san inda ake auna halin gwani, domin ladabin da aka gani ranar nasara ba ya isa shaida, ko ta gaskiya ko ta ƙarya.

Mutum tamanin, takobi ɗaya

Kokowa ta girmi kowace gwamnati a wannan ƙasa, amma gasar ƙasa baki ɗaya an soma ta ne a shekara ta 1975, zamanin mulkin shugaba Seyni Kunce, kuma a garin Tawa aka yi ta farko. Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan jahar Maraɗi, shi ne ya fara zama zakara. Manufar hukuma a lokacin ita ce haɗa kan matasan ƙasa, kamar yadda aka nufa da farfaɗo da samariya, shi ya sa aka tsara gasar ta riƙa zagayawa daga babban birnin wannan jaha zuwa na waccan. Mazan farko sun bar suna wanda bai gushe ba. Filin kokowar Maraɗi na ɗauke da sunan Kantu, na Dosso da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram da sunan Langa-Langa, na Tawa da sunan Hamidin Mai Dare, kuma in ana lissafa gwanayen jahar Tawa ba a tsallake Kadade.

A tsarin da aka saba, kowace daga cikin jahohi 8 kan kawo ƴan kokowa 10, watau mutum 80 ke nan, a yi wajen kwana 10 ana karawa. Wanda aka kada sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da zai ci gaba da karawa da sunan jaharsa. Kullum adadin waɗanda ba a kada ba na raguwa, har ya rage saura biyu. Wanda ya yi galaba a cikinsu shi ke karɓar takobi da doki da kuɗi masu yawa, ban da kyaututtukan attajirai da kamfanoni.

Lissafin a fili yake. Cikin mutum 80, mutum 79 za su koma gida ba takobi. In aka haɗa da ɗaruruwan da aka zubar tun a zaɓen ƙauye da na gunduma, sai a ga kusan kowane ɗan kokowa da faɗuwa yake rufe shekararsa. Wanda ya auna halin mutum da kwanakin da yake riƙe da takobi kawai, ya auna shi da mafi ƙarancin kwanakinsa.

Abin da nasara ke yi wa mutum

Masu shakka suna da hujja, kuma ya kamata a saurare ta, domin nasara na iya gyara fuskar ɗan kokowa ta hanyoyi uku ba tare da ta taɓa zuciyarsa ba.

Da farko, tana cire masa tsoro. Yawancin ƴan kokowar karkara manoma ne, wasu ƴan aikin ƙarfi, wasu kuma masu tafiya cin rani Najeriya ko Abijan. Shirin kokowa na cin kuɗi: akwai abinci mai gina jiki, akwai sadakar malamai da haƙƙin masu ba da taimako, akwai makaɗa da maroƙa waɗanda ba a sallamarsu hannu wofi. Sau da yawa da bashi ake yin wannan shiri. Saurayin da ya sayar da buhunan albasarsa, ko ya bar aikin lebura na makonni domin zaɓen gunduma, in aka kada shi cikin minti guda, zafin kayen da na bashin da ke jiransa tare suke sauko masa. Abin da ƴan kallo ke kira zafin kai, sau da yawa firgici ne. In nasara ta zo ta biya bashi, ta gina ɗaki, sai fuska ta saki. Sauyi ne irin na mai yunwa da ya ci ya ƙoshi, ba ya nuna yadda mutum zai kasance in yunwar ta dawo.

Na biyu, nasara na kawo ubangida. Attajirin da ya ba da mota, da ɗan siyasar da ya ba da fili ko kujerar Makka, da kamfanin da ke son sa hoton gwani a allon talla, ba wanda ke son a haɗa sunansa da mai zagin alƙali. Gwani kan gane da wuri cewa ladabi jari ne. Akan kuma sami masu ba shi shawara, su koya masa abin da zai faɗa a rediyo da talabijin, da abin da zai haɗiye.

Na uku, nasara na sauya idon ƴan kallo. Kirarin da saurayi ya yi bara aka ce girman kai ne, in ya maimaita shi bana bayan ya kada manya, sai a ce jarunta ce. Shirun da aka kira ƙunci jiya, yau sunansa natsuwa. Maroƙi kuwa ba ya waƙe aibin mai yi masa kyauta. Wani kaso na gyaran halin da ake faɗa, a idon jama'a ya auku, shi mutumin yana nan yadda yake.

Sai dai masoyan gwani su ma ba su rasa abin cewa ba. Mai yiwuwa ne gyaran halin ya riga nasarar zuwa, har ma shi ya jawo ta. Wanda ya daina yawon dare, ya riƙa tashi gudu da asuba, ya koyi jiran abokin karawa ya ba da ƙofa maimakon ya afka masa cikin fushi, shi ne ke kaiwa kwanakin ƙarshe na gasa. Dokar fili kuma na hukunta mai laifi da gargaɗi, gargaɗi kuwa na iya sa mutum ya rasa karawa alhali bai taɓa ƙasa ba. Bayan wannan akwai shekaru. Lokacin da ɗan kokowa ke kaiwa ganiyarsa, shi ne lokacin da yake aure da haihuwa, nauyin gida ya hau kansa, don haka nasara da natsuwa na iya isowa tare ba don ɗaya ta haifi ɗaya ba.

Dukan waɗannan dalilai, na masu shakka da na masoya, fuska ɗaya suke nunawa ranar nasara, watau murmushi da miƙa hannu. Ba yadda za a yi a rarrabe su a wannan rana. Hausawa sun riga sun faɗa, ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Takobi baƙo ne

Miya kuwa tana ƙarewa, tarihin gasar shaida ne. Balla Haruna na Yamai ya ɗauki takobi sau uku, ya miƙa wa wasu. Haruna Abdu na Tawa, da Umaru Bindigau na Maraɗi, da Laminu Mai Daba na Agadas, kowannensu ya yi zamaninsa ya ba da wuri. A shekara ta 2017, da gasa ta sauka Tawa, Yahaya Kaka ya tsai da takobi a gida. A zagaye na gaba takobin ya koma Damagaram a hannun Tasi'u Sani.

A cikin dukan waɗanda suka riƙe shi, Kadiri Abdu na Dosso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, shi ne ya ɗauka har sau shida. Ya fara a Agadas a shekara ta 2015, ya cika na shida a Agadas ɗin a watan Disamba na 2023. In ana neman abin da tarihinsa ke shaidawa game da hali, giɓin da ke tsakanin nasarorin ya fi su kansu bayani. Gasa biyu a jere, ta Tawa da ta Damagaram, takobi ya kuɓuce masa, wasu suka hau doki, sa'an nan ya dawo ya karɓe shi a Tilaberi a farkon 2019. Mutum ba ya dawowa haka sai in ya ci gaba da horo a shekarun da ba sunansa ake fara kira ba. Wannan irin haƙuri lissafi na iya tabbatar da shi ba tare da an tambayi maroƙi ba. Daga baya, a watan Disamba na 2024, a filin Salma Ɗan Rani na Dosso, gaban mutanen gida, Abba Ibrahim na Yamai ya raba shi da takobi a karawar ƙarshe. Gaba da gabanta. In har mai shida ya gamu da irin wannan rana, to ba gwanin gunduma da zai tsira daga gare ta.

Amma hukunci a kan halin mutum ba ya cika sai an ga rayuwarsa daga farko har ƙarshe. Domin haka yana da amfani a dubi wani gwani wanda labarinsa ya riga ya rufe, ko da yake shi ɗan dambe ne, kuma daga wata ƙasa mai nisa.

Darasin Kinshasa

Dattawan da suka saurari rediyo a shekara ta 1974, shekara guda kafin gasar Tawa ta farko, suna tune da damben da aka yi a Kinshasa, ƙasar Zayar ta lokacin, ranar 30 ga watan Oktoba, tsakanin Muhammadu Ali da George Foreman, dukansu baƙaƙen fatar Amurka. Foreman shi ke riƙe da kambun duniya na ajin masu nauyi. Yana da shekara 25, ya yi dambe 40 ba a taɓa cin sa ba, 37 daga ciki da kisa ya gama su, kamar yadda ƴan dambe ke faɗa. A watan Janairu na 1973, a birnin Kingston na Jamaika, ya kai Joe Frazier ƙasa sau 6 cikin turmi 2, ya karɓe kambu. Duk da wannan nasara, mutum ne mai murtuke fuska, mai gajeriyar magana, wanda ake tsoro fiye da yadda ake so. Ya sauka Kinshasa da wani babban kare, abin da ya tuna wa mutanen gari karnukan ƴan sandan mulkin mallakar Beljiyam, jama'a kuwa suka bi bayan Ali. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba kowa nasara ke koya wa ladabi ba.

Ali ya kai shi ƙasa a turmi na 8. Foreman bai karɓi kayen da kyau ba, ya yi ta kawo uzuri: wai an sassauta igiyoyin fili, wai alƙali ya yi saurin ƙirga, wai an sa masa wani abu a ruwan sha. A watan Maris na 1977 Jimmy Young ya ci shi da maki a birnin San Juan. A ɗakin sauya tufafi bayan wannan dambe ya shiga wani hali wanda shi da kansa ya riƙa cewa mutuwa ya gani kusa. Ya aje dambe, ya zama mai wa'azin Kirista a birnin Houston, ya buɗe gidan tarbiyyar matasa, ya shekara 10 bai shiga fili ba.

A shekara ta 1987, yana da shekara 38, ya dawo domin neman kuɗin riƙe gidan matasan. Wanda ya dawo mutum ne mai fara'a da barkwanci, mai yi wa kansa ba'a kan ƙibarsa da shekarunsa. Masu shakka suka ce dabarar kasuwa ce, kuma lalle fara'ar ta jawo masa dukiya, domin daga baya ya sami kuɗi masu yawa wajen tallar wata na'urar gasa nama mai ɗauke da sunansa. Amma an jarraba sabon halin. Evander Holyfield ya ci shi da maki a 1991, Tommy Morrison ya ci shi a 1993, bai koma mutumin Kinshasa ba. Ranar 5 ga watan Nuwamba na 1994, yana da shekara 45, ya kai Michael Moorer ƙasa a turmi na 10, ya sake zama zakaran duniya. A dambensa na ƙarshe, cikin 1997, alƙalai suka ba Shannon Briggs nasara alhali ƴan kallo da yawa na ganin Foreman ne ya ci. Ya karɓi hukuncin ba hayaniya, ya aje dambe. Ali, wanda ya daɗe yana jin haushinsa, ya zama amininsa. Foreman ya rasu a watan Maris na 2025 yana da shekara 76.

Abin lura shi ne jerin lokutan. Sauyin ya zo ne bayan faɗuwa, ya zauna shekara 10 ba kambu ba ƴan kallo, ya tsallake faɗuwa biyu kafin nasara ta dawo, ya kuma tsallake hukuncin da jama'a ke ganin akwai zalunci a ciki. Shekara 17 ke tsakanin sauyin da kambu na biyu, don haka ba mai iya cewa kambun ne ya haife shi. Akan ce hali zanen dutse ne, amma wannan rayuwa ta nuna cewa mutum na iya sake hali, ta kuma nuna yadda ake gane wanda ya sake da gaske.

Rana ɗaya ba ta isa ba

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, watau a yanke wa mutum hukunci da mummunar rana guda. Masu bin ƙwallon ƙafa sun san Sadio Mané na ƙasar Senegal da sauƙin kai, sun kuma san ya gina makaranta da asibiti a ƙauyensu Bambali. Ranar 6 ga watan Fabrairu na 2022, a birnin Yawunde, a wasan ƙarshe na kofin Afirka tsakanin Senegal da Masar, ya ɓarar da bugun fenareti tun farkon wasa, bai karaya ba, shi ne kuma ya buga na ƙarshe wanda ya ba ƙasarsa kofinta na farko. Amma a watan Afrilu na 2023, bayan Manchester City ta ci ƙungiyarsa ta lokacin, Bayern Munich, 3 da babu, ya bugi abokin wasansa Leroy Sané a ɗakin sauya tufafi. Ƙungiyar ta dakatar da shi wasa ɗaya, ta ci shi tara, shi kuwa ya nemi gafara. Wannan dare bai shafe alherin shekaru ba, alherin shekaru kuma bai hana a hukunta shi ba.

Ranar faɗuwa ta fi ranar nasara faɗin gaskiya, amma ita ma sai an tara ta da ƴan'uwanta. Mutumin kirki na iya tuntuɓe cikin zafin kaye. Abin dubawa shi ne abin da ya yi washegari, da kuma ko tuntuɓen ya zama masa al'ada.

Inda ya kamata a duba

Sanin zuciya sai Allah. Abin da jami'i da dattijon gari ke iya gani shi ne aiki, kuma akwai wurare huɗu da aikin ɗan kokowa ke fita ba ado.

Wuri na farko shi ne ɗan lokacin da ke biye da kaye, musamman in akwai gardama a kan hukuncin alƙali. Shin ya tashi ya gai da wanda ya kada shi? In magoya bayansa sun fara kutsowa fili, ya ɗaga musu hannu su koma, ko ya tsaya yana nuna alƙali da yatsa?

Na biyu shi ne ƙananan filaye, irin kokowar salla ko ta bikin naɗin sarauta a Bazaga ko Allela ko Tajaye, inda ba gwamna ba talabijin. A nan ake ganin yadda gwani ke yi da ƙaramin yaron da ya yi ƙarfin halin fito masa, ko ya kada shi ya tashe shi, ko ya nemi ji masa rauni don ya zama aya ga saura.

Na uku shi ne na ƙasa da shi: makaɗansa, da yaran da ke ɗaukar masa kaya, da abokan horon da ke ba da jikinsu yana gwada ƙarfi, da mai koyarwarsa na farko, da waɗanda suka ba shi rance tun ba a san shi ba. Gaisuwar da ya yi wa attajiri ba ta nuna kome, domin yana da abin samu a can.

Na huɗu shi ne shekarar da ke biye da rasa matsayi. Shin ya zo zaɓen gunduma a kan lokaci kamar kowa, ya yarda da wanda aka haɗa shi da shi, ko ya nemi a ɗaga masa saboda sunan bara?

Wanda ya tsallake waɗannan wurare shekara biyu ko uku, ba sauran dalilin tuhumarsa. Ko da ma don idon ubangida ya soma miƙa hannu, in ya daɗe yana yi har a inda ba ubangida, abin ya zama nasa.

Aikin da ya rage wa mahukunta

Gundumomin Ƙwanni da Malbaza da Illela na da dalili na musamman na kula da wannan batu. Noman rani na Ƙwanni, da albasar Galmi, da masana'antar siminti ta Malbaza, da kasuwar Badagishiri, duk suna tara samari da kuɗi wuri ɗaya, filin kokowa kuwa na cika da su. Tun da aka ware Malbaza daga Ƙwanni ta zama gunduma mai zaman kanta a shekara ta 2011, kowace na da nata suna da za ta kare. Ga kuma iyakar Najeriya kusa, inda ɗaya Illelar ta jahar Sakkwato ke fuskantar Ƙwanni. Halin da gwani ya nuna a wannan gefe, ana jin labarinsa a wancan.

Abu na farko da ya kamata a yi shi ne rubutu. A kowane zaɓe, tun daga ƙaramar hukuma, a riƙe littafi a rubuta wanda ya makara, da wanda aka yi wa gargaɗi, da wanda ya tada hayaniya, da wanda ya kwantar da ita. Waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci na iya riƙe wannan littafi da Hausa. In lokacin zaɓen jagoran tawaga ya yi, sai a buɗe littafi maimakon a bi ƙarar ganga.

Na biyu, a ware kyautar ladabi mai daraja a zaɓen gunduma, a ba wanda ya faɗi ya kuma nuna dattako, a yi shelar sunansa a fili kamar yadda ake yi wa zakara. Muddin mai kaye kaɗai ke komawa gida da abu a hannu, samari za su ɗauka ladabi kayan adon mai nasara ne.

Na uku, a kula da alƙalai. Ba a neman haƙuri daga wanda ake zalunta a fili. A horar da su, a zaɓo su daga wajen garuruwan masu karawa, a kuma bayyana wa jama'a dokar gargaɗi da ta kaye da Hausa kafin a fara, domin hayaniya da yawa daga rashin sanin doka take tasowa.

Na huɗu, kada a yar da tsofaffin ƴan kokowa. Saurayin da ya ga gwanin jiya na yawo da ciwon gwiwa ba mai tambayarsa, zai ɗauki kowace faɗuwa tamkar ƙarshen duniya, ya yi faɗa a kanta. In kuwa ya ga an mai da tsohon gwani mai koyarwa ko alƙali ko mai ba da shawara, zai san akwai rayuwa bayan kaye. Attajirai da magoya baya su ma da nasu rabo: gidan da suka cika ranar nasara, ya kamata su leƙa shi ranar faɗuwa.

Daga ƙarshe, kada a yi gaggawar kai sabon zakara gaban ƴan makaranta da sunan abin koyi a cikin hali. A yaba masa ƙarfinsa da gwanintarsa, domin ya cancanta, sauran kuwa a bar wa lokaci. In gardamar ta sake tashi a tashar Tsarnawa ko a kasuwar Illela, wani na cewa gwani ya gyaru, wani na cewa takobi ne, kamata ya yi a nemi wanda ya gan shi ranar da aka kada shi, a tambaye shi abin da gwanin ya yi da ya tashi.